Buga kayan ɗakin gwaje-gwaje da firintar 3D: amsoshi ga ɗalibai da ma'aikatan ma'amal a Sudan

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, ɗakunan gwaje-gwaje da yawa a Khartum da Madani sun rasa kayansu, wasu an kwashe, wasu sun lalace a rufe. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suke ta maimaituwa daga bakin 'yan'uwanmu Hausawa masu karatun gwaje-gwajen asibiti da masu aiki a ma'amal, wato ɗakin gwaje-gwaje, daga Gadarif da Kasala da Bur Sudan har Mai Wurno, da kuma na Jidda da Makka masu neman abin da za su taimaka wa gida da shi.

Ustaz, wai ta yaya firinta take buga abu mai jiki, ba takarda ba?

Abincinta zaren roba ne mai kaurin milimita 1.75, a naɗe a kan faifai. Na'urar tana jan zaren zuwa wani ƙarfe mai zafin kusan digiri 200, ya narke, ya fito ta wani ɗan tsini mai faɗin milimita 0.4. Tsinin yana yawo a kan faranti yana zana shimfiɗar farko, sai ya ɗaga sama da milimita 0.2 ya ɗora ta biyu, haka har abin ya tashi, kamar yadda mai ginin tukunya take ɗora murɗaɗɗen yumɓu kan wani. Abin da ke gaya wa tsinin inda zai bi fayil ne na kwamfuta. Ana ɗauko zanen, yawanci a tsarin STL, a saka shi cikin manhaja irin Cura ko PrusaSlicer, ita kuma ta yanyanka shi hawa-hawa, ta faɗa maka awa nawa zai ci da giram nawa na roba tun kafin ka fara.

Me ya sa sai yanzu muke jin labarinta?

Fasahar ba sabuwa ba ce, tsada ce ta ɓoye ta. Kamfanin Stratasys na Amurka ne yake riƙe da haƙƙin mallakarta har wa'adin ya ƙare a 2009. Kafin nan, a 2005, Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara aikin RepRap, firintar da take buga wasu sassan jikinta da kanta, ya kuma saki zanen kyauta. Daga wannan tushe ne firintar Prusa ta ƙasar Cek da ire-iren Ender 3 na kamfanin Creality suka fito, har farashi ya sauko zuwa dala 200 ko 300. A 2012 wani masanin kimiyya, Joshua Pearce, ya rubuta a mujallar Science yadda masu bincike za su riƙa ƙera kayan aikinsu da irin waɗannan na'urori, harkar ta bazu daga nan.

To me da me za mu iya bugawa da zai amfane mu a nan?

Nan nake so a tsaya a saurara, domin yawancin masu tambaya hankalinsu yana kan manyan na'urori, alhali amfanin firinta mafi girma yana cikin ƙananan abubuwa. Ka shiga ɗakin ajiyar kowane ma'amal a ƙasar nan, za ka tarar da maikuroskof mai lafiyayyen gilashi an jingine shi saboda marikin silaid ya karye, ko abin murɗawa ya tsage, ko wata 'yar roba mai haƙora a ciki ta cinye. Za ka ga na'urar girgiza kwalabe da ƙafarta ɗaya ce kawai babu. Na'urar dubban daloli ta zauna saboda robar da ba ta kai giram 10 ba, kamfanin da ya yi ta ya daina yin irinta, ko kuma babu wakilinsa a kusa. Mun sha wannan wahala tun zamanin takunkumin Amurka na 1997 zuwa 2017, yaƙi ya zo ya ƙara ta. Wanda ya iya auna abin da ya karye ya zana irinsa, zai tayar da kaya masu daraja fiye da kuɗin firintar tun a watannin farko.

Bayan gyara sai kayan yau da kullum: mazaunin ƙananan kwalabe na mililita 1.5, da na manya masu 15 da 50, tiren shanya silaid bayan an rina da Giemsa, sinadarin rina jini don dubawa, akwatin ajiye silaid, matajin da ake huda jel da shi a gwajin DNA, mariƙin da ke ɗaure waya a kan idon maikuroskof don ɗaukar hoto. Wannan na ƙarshe kada a raina shi. Ma'aikaci a ƙauyen Gadarif da ya ga abin da ya shige masa duhu a silaid zai iya aika hoton ga malaminsa a ranar. Masu bin diddigin ƙudan da ke yaɗa cutar kala-azar a dazukan aduwa da dushe za su iya buga jikin tarkon fitila, su haɗa da fankar kwamfuta da batir.

Sai mataki na uku, inda ake haɗa roba da ɗan allon lantarki irin Arduino: famfon da ke tura sirinji a hankali, na'urar motsa ruwa da maganaɗisu, ma'aunin launi mai fitilar LED na duba yawan kulorin a ruwan sha. Bayan kwalarar da ta ɓarke a Kasala a 2024, ba sai an yi wa kowa bayanin amfanin wannan ba.

Da gaske ana buga maikuroskof ɗungurungum?

Ana buga jikinsa, ba a buga idonsa. Mafi shahara shi ne OpenFlexure, wanda Richard Bowman ya fara a Kambirij, aikin ya ci gaba a Bath, aka kuma gwada shi tare da Cibiyar Lafiya ta Ifakara a Tanzaniya da masu ƙera shi a Darussalam. Dabarar ita ce ba a sa ƙarafa masu zamewa a kan juna. Teburin silaid yana tsaye a kan siraran ƙafafun roba masu lanƙwasa, ƙananan motoci uku suna matsa su, shi ya sa motsinsa yake da laushi ƙwarai. Kyamara da 'yar kwamfutar Raspberry Pi suna ɗaukar hoto, suna daidaita gani da kansu. Akwai kuma FlyPi, wanda André Maia Chagas da Tom Baden da abokan aikinsu suka wallafa a 2017, na kimanin yuro 100, don koyarwa da binciken ƙananan halittu.

Gilashin dole a saya, ko a ciro daga mataccen maikuroskof. Ƙwan tsutsar tsargiya a fitsari babba ne, ya haura maikuron 100, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita, gilashi mai ƙarfin 10 yana nuna shi. Ƙwayar maleriya a cikin jini kuwa sai gilashi mai ƙarfin 100 da ake ɗiga wa mai, kuma ingancin wannan gilashin ne yake yanke hukunci, ba kyan robar ba.

A ina ake samun zanen, kuma halal ne in ɗauka ban biya ba?

Printables da Thingiverse su ne manyan rumbuna na kowa da kowa. NIH 3D na hukumar binciken lafiya ta Amurka ya fi karkata ga kimiyya. Mujallar HardwareX tana wallafa na'urori tare da jerin kayan haɗi da sakamakon gwaji, kuma karatunta kyauta ne. Masu zanen da kansu suka ba da izini, a rubuce, ta lasisi irin na Creative Commons ko na CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai. Sai dai a karanta sharaɗin. Wani ya ce a ambaci sunansa, wani ya ce idan ka gyara ka saki naka gyaran kamar yadda ya saki nasa, wani ya hana sayarwa. Cika sharaɗin amana ce.

Yaya, zafin ƙasarmu ba zai narkar da kayan da aka buga ba?

Zai iya, idan an zaɓi robar da ba ta dace ba. PLA ita ce mafi sauƙin bugawa da araha, amma tana fara laushi a wajen digiri 60. A cikin ɗaki babu matsala ko a watan Mayu. A cikin mota rufaffiya da rana, ko kusa da kwanon rufi, ko a jikin fitilar maikuroskof mai zafi, za ta karkace. Kuma abin da yake ɗauke da nauyi ko yake a matse yana iya sauya siffa a hankali tun zafin bai kai haka ba. PETG tana jurewa har wajen digiri 80, ba ta da saurin karyewa, ni ita nake ba da shawara ga duk abin da zai fita fili. ABS tana kaiwa wajen 100, amma tana ɗagowa daga faranti idan iska ta buge ta, kuma hayaƙinta ba na shaƙa ba ne, sai a wuri mai tagogi.

Ƙura da ɗaukewar wuta fa?

Ƙura tana hawa zare ta shiga tsinin ta toshe shi. A yi wa na'urar akwati ko da na katako da leda ne, a kuma zura zaren ta cikin ɗan soso kafin ya shiga, ya riƙa share shi. A Bur Sudan abin tsoro laima ce: zare yana shan danshi, sai ka ji yana ƙara tas-tas a bakin tsini, abin da aka buga ya fito da gashi-gashi, ba ƙarfi. A ajiye faifai a bokiti mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin magani.

Wuta kuma, ƙaramar firinta tana cin wajen wat 100 zuwa 150 idan ta kama aiki, ta fi haka a mintunan farko da take ɗumama faranti. Aikin awa 5 ke nan yana neman kusan wat-awa 600, wato rabin abin da batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yake ɗauka. Wanda yake da sola da inbata ya fara bugu da hantsi. Yawancin na'urorin yanzu suna ci gaba daga inda suka tsaya idan wuta ta dawo, amma wurin haɗin yakan zama mai rauni, kada a yarda da shi a abin da zai ɗauki nauyi.

Za a iya saka kayan da aka buga a otokilef, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi?

A'a. Otokilef yana aiki a digiri 121, PLA da PETG da ABS duk za su lalace. Ana goge su da sifirit mai ƙarfin kashi 70 ko ruwan kulorin da aka sirka. Amma tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa akwai 'yan ramuka da ido ba ya gani, inda jini da ƙwayoyin cuta suke maƙalewa. Saboda haka ƙa'idata ita ce: abin da aka buga ya riƙe kwalba, kada ya zama kwalbar. Sinadarai ma a kula, asiton yana narkar da ABS, kulorofom yana narkar da PLA. Idan kana shakka, jiƙa guntu a cikin sinadarin ya yi mako, ka duba ko ya kumbura ko ya yi laushi.

Ta yaya zan tabbata abin da na buga yana ba da sakamako daidai?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi, kuma ita aka fi tsallakewa, domin abu yana fitowa da kyau sai murna ta hana aunawa.

Ɗauki gwajin Kato-Katz da ake ƙirga ƙwan bilharziya, wato tsargiya, da shi a bahaya, wanda duk wanda ya yi aiki a yankin Jazira ya sani. Farantinsa ɗan ƙarami ne: kauri milimita 1.5, rami mai faɗin milimita 6, yana ɗaukar miligiram 41.7, a ninka ƙwan da aka ƙirga sau 24 a sami adadin da ke cikin giram ɗaya. Babu abin da ya fi shi sauƙin zanawa. To amma firinta takan fitar da rami ƙasa da yadda aka zana, saboda narkakkiyar roba tana ɗan bazuwa ciki. Idan ramin ya fito 5.7 maimakon 6, abin da yake ɗauka ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100. Ga kuma kauri: idan ka bar shimfiɗa a 0.2, bakwai za su ba ka 1.4, takwas 1.6, babu 1.5 a ciki. Sai ka koma 0.15 ko 0.1. Hukumar Lafiya ta Duniya tana raba tsananin cutar a kan ƙwai 100 da ƙwai 400 a giram. Kuskuren da ba ka gani ba zai iya sauya matakin cutar da za a rubuta wa yaro, ya kuma sauya rahoton makaranta guda. Magani shi ne ma'aunin kauri na dijital, da sikeli mai kyau, da kwatanta farantinka da na asali kafin ka buga ɗari.

Duk abin da yake auna ruwa, sikeli ne alƙalinsa. Mililita ɗaya na tataccen ruwa yana da nauyin kusan giram ɗaya. Ka ɗiba sau 10, ka auna kowanne, ka duba abu biyu: matsakaicinsu ya yi kusa da abin da ake nema, kuma ba su yi nisa da juna ba. Ma'aunin launi kuma a gwada shi da ruwan da aka san ƙarfinsa, mataki-mataki, a ga ko lambobin suna hawa a layi. A rubuta sakamakon da kwanan wata a manna a jikin na'urar, a maimaita bayan wata ɗaya ko biyu, domin roba tana gajiya yadda ƙarfe ba ya yi.

Na ga zanen santirifuj, na'urar da ke juya kwalabe da gudu don raba abin da ke cikin jini ko fitsari, da ake ɗaura wa injin huda. In gwada?

Don Allah kada ka gwada shi a ɗakin da mutane suke. Kwalba mai nauyin giram 2, a nisan santimita 5 daga tsakiya, idan tana juyi 10,000 a minti, jan da take yi wa robar ya kai na kilo 11. Abin da aka buga kuwa rauninsa yana tsakanin shimfiɗu. Idan ya fashe, tarkace ne da jinin mara lafiya a fuskar ma'aikaci. Juyi mai sauƙi na kwantar da fitsari, wajen 2,000 a minti, yana yiwuwa, amma a cikin tukunyar ƙarfe mai murfi, da kwalabe masu nauyi ɗaya suna fuskantar juna.

Ke nan zan iya ba mara lafiya sakamako da na'urar da na haɗa?

Mazauni da mariƙi da tire ba su da matsala, ba sa taɓa sakamako. Na'urar da ita ce take cewa akwai cuta ko babu, wannan sai da izinin hukuma, kuma a Sudan kayan asibiti suna ƙarƙashin Majalisar Magunguna da Guba ta Ƙasa. Kafin nan wurinta aji ne da bincike. Ana iya kaiwa ga amincewa idan an bi hanya. Likita Tarek Loubani da abokansa sun buga abin sauraron ƙirji don asibitocin Gaza a kan 'yan daloli kaɗan, amma sai da suka auna sautinsa da na Littmann, sanannen abin sauraron ƙirji na kasuwa, suka wallafa sakamakon a 2018.

Ana samun ragowar kuɗi kuwa, ko daɗin baki ne?

Ana samu. Wani nazari da Pearce ya wallafa a 2020 ya sami matsakaicin ragi na kashi 87 cikin 100 idan an kwatanta da na kasuwa. Kilo ɗaya na PLA, wanda ya kai mita 330, yana kamawa wajen dala 20 a kasuwannin waje. Sai dai a saka lokacin mutum a lissafi, da bugun da zai lalace, da kuɗin kawo zare. Abin da ake yi da miliyoyi a masana'anta, irin kan fifet (abin ɗibar ruwa da awo) da kwalabe da faranti na shuka ƙwayoyin cuta, sayensa ya fi araha da tsafta. Ribar firinta tana wurin abin da ake buƙata guda ɗaya ko biyar, yau, kuma babu shi a kasuwa.

Baffa ne daga Jidda. Ina so in aiko wa ɗan ƙanena da ke karatu. Me zan saya?

Allah ya saka da alheri, Baffa. A sayi na'ura sananniya wadda sassanta suke ko'ina, ba mafi ƙyalli ba. A haɗa da faifai uku ko huɗu na PETG da PLA, tsini na canji kamar goma, bututun da zare ke bi, ma'aunin zafin tsini na ajiya, bel, da kwalin noti da kusoshi masu zare na M3, domin yawancin zane da su ake ɗaurewa. Ma'aunin kauri na dijital kada a manta shi, ya fi faifai biyu amfani. Wutar Saudiyya tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, ta Sudan 50, wannan ba ya damun na'urar, amma wasu suna da ɗan makunni na 115 da 230 a gefe, a tabbata yana kan 230 kafin a jona. Idan ta jirgin ruwan Sawakin za ta biyo, a bar ta cikin kwalinta na asali, zaren kuma kada a buɗe ledarsa. Ina kuma roƙon a ce wa yaron ya ajiye ta inda abokan karatunsa za su amfana. Firinta ɗaya tana isar sashe guda.

Ni mace ce mai karatun ma'amal, ban taɓa zane a kwamfuta ba. Zan iya?

Za ki iya, 'yar'uwa, kuma kin riga injiniya sanin abin da ake buƙata, tunda ke kike tsaye a kan benci. Tinkercad yana da sauƙi amma sai da intanet. FreeCAD da OpenSCAD kyauta ne, suna aiki ba tare da intanet ba. Ni OpenSCAD nake so wa ma'aikacin ma'amal, domin a cikinsa lambobi ake rubutawa: faɗin rami kaza, ramuka guda kaza, tazara kaza. Idan kwalaben da aka kawo bana sun fi na bara kauri, lamba ɗaya za ki canja. Ki fara da mazaunin kwalabe, sannan murfin wani abu da ya ɓata, sannan ki nemi abin da ya karye a ɗakin ajiya.

An taɓa yin irin wannan a wajenmu, ko sai Turai?

A 2013 wata ƙungiya mai suna Not Impossible Labs ta kai firintoci yankin Duwatsun Nuba, ta buga hannun roba ga wani yaro da ya rasa hannuwansa a harin bam, ta koya wa mutanen wurin. Ƙungiyar TReND in Africa ta daɗe tana koyar da ƙera kayan gwaji a jami'o'in nahiyar, kuma ɗaya daga cikin mutanenta, Dakta Mahmoud Bukar Maina, ya jagoranci kafa cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu. Taron duniya na masu wannan harka ya fara a CERN a 2016, na Afirka kuma, AfricaOSH, a Kumasi ta Gana a 2018.

Idan na zana abu ya yi aiki, yaya zan saka shi don wasu su amfana?

Ka saka fayil ɗin STL tare da asalin zanen da ake iya gyarawa, domin na farkon shi kaɗai yana da wuyar canjawa. Ka rubuta sunan na'urar da sashen ya dace da ita da lambar samfurinta, irin robar, kaurin shimfiɗa, da ta wane gefe aka kwantar da shi a faranti. Ka sa hoto yana kan aiki, ka faɗi gwajin da ka yi da lambobin da ka samu, har da inda ya gaza, misali idan ya karkace bayan ya wuni a mota a hanyar Gadarif zuwa Kasala. Ka zaɓi lasisi ka ambata shi a fili. Bayanin kuma ka yi shi da Larabci da Hausa ban da Turanci, domin ma'aikacin da yake Damazin da wanda yake Damagaram sau da yawa maikuroskof iri ɗaya ne a gabansu, kuma wuri ɗaya yake karyewa.